Wai biro sunan mutum ne? Tambayoyi da amsoshi kan abinci, garuruwa, bukukuwa da masu ƙirƙira

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan jefo min, wasu a teburin mai shayi, wasu a majalisa bayan la'asar, wasu kuma yara ne suke tsare ni da su a gida ina cikin cin tuwo. Na gaji da maimaita amsa shi ne na ce bari in tara su wuri guda. Ban jera su bisa wani tsari ba, yadda suka faɗo min haka na rubuta.

Wai da gaske biro sunan mutum ne?

Sunan mutum ne kuwa, László Bíró, ɗan jarida ne a ƙasar Hangari. Alƙalamin zamaninsu irin wanda ake ɗura wa tawada ne, ga zuba ga ɓata takarda, kana rubutu hannunka na gogewa. Sai ya lura tawadar da ake buga jarida da ita nan da nan take bushewa, amma fa tana da kauri ba ta bin bakin alƙalami. Shi da ɗan'uwansa György wanda ya san haɗa sinadarai suka yi dabarar saka ɗan mitsitsin ƙwallo a bakin, yana juyawa yana ɗebo tawadar yana shafa wa takarda. Ya yi wa abin rajista a 1938. Da yake Bayahude ne, da Hitila ya matsa sai ya gudu Ajantina, kuma har yau can ranar haihuwarsa, 29 ga Satumba, ita ce ranar masu ƙirƙira.

Wancan mai garai-garai ɗin da muka yi firamare da shi kuma na Marcel Bich ne, mutumin Faransa, ya fito da shi a 1950, ya cire harafin ƙarshe na sunansa ya zama Bic. Hujin da ke saman murfin ba ado ba ne, an yi shi ne saboda in yaro ya haɗiye ya samu hanyar numfashi. Mu da muka tauna murfin biro kamar rake a aji, ashe an san da zamanmu.

An ce masara ba tamu ba ce, haba dai?

Na san wannan tana ba mutane haushi, amma haka ne. Masara daga Meksiko ta fito, can aka fara nomanta shekaru wajen dubu tara da suka wuce, kuma ba ta tsallako teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Ba ita kaɗai ba ma. Rogo daga wajajen Barazil, 'yan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka. Gyaɗa daga Kudancin Amurka. Tumatir, tattasai, attaruhu, barkono, gwanda, abarba, gwaiba, kashu, dankalin Hausa da na Turawa duk daga wancan ɓangaren suke. Eh har dankalin da muke ce wa na Hausa. Mangwaro kuwa daga Indiya.

Sunan ma kansa yana tona asiri. Masana harshe da yawa suna ganin kalmar masara daga Masar take, wato ta hannun fatake da alhazai ta biyo ta gabas ta iso mu, aka riƙa ce mata dawar Masar har aka gajarce. Tumatir kuma asalin kalmar daga harshen mutanen Aztek ne, su suna cewa tomatl. Kuma kar wani ya ji kunya, mutanen Italiya da ke tinƙaho da miyar tumatir a kan taliya su ma ba su san shi ba sai ƙarni na 16.

Dankalin Turawan nan da Jos ke cika mana kasuwa da shi, asalinsa duwatsun Andis ne wajen Peru da Bolibiya. Mutanen Ailan sun dogara da shi sosai har ya zama shi ne safe shi ne dare, da cuta ta kama shi daga 1845 aka yi yunwar da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu wajen miliyan ɗaya suka bar ƙasar.

To in babu tumatir babu attaruhu, me kakanninmu suke ci?

Abinci na ƙwarai mana. Gero da dawa 'yan gida ne, a Afirka aka fara noma su. Acca, wake, gujiya, doya, kuɓewa, kuka, yakuwa, duk namu ne. Har shinkafa muna da tamu daban da ta Asiya, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara can ƙasar Mali, mai ɗan jaja-jajan nan. Yaji kuwa akwai masoro da kimba da citta. Ka ga miyar kuka da daddawa da man shanu a kan tuwon dawa ba ta nemi taimakon kowa ba, ita ce tsohuwar gida. Jar miya ce baƙuwa.

Me ya sa aka yi dalar gyaɗa a Kano ba a wani gari ba?

Jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma abin dariyar shi ne Turawa auduga suke hari, suna so su ciyar da masaƙunsu na Ingila. Manoma suka duba suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ba ta gajiyar da ƙasa, kuma in ciniki ya ƙi ai ka ci abarka, auduga kuwa wa zai dafa ta. Fataken Kano da suka goge a cinikin goro su suka shiga tsakani suna saye daga ƙauyuka, babbansu Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955. Buhuna suka riƙa taruwa fiye da yadda jirgi zai iya kwashewa, shi ne aka riƙa jera su sama-sama kamar dala. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 da kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati, su suka haɗu suka rushe ta.

Magi fa, shi ma sunan mutum ne?

Shi ma. Julius Maggi, mutumin Siwizalan, babansa ɗan Italiya ne mai injin niƙa. Damuwarsa ta farko ma'aikatan masana'antu ne, mata suna wuni wajen aiki ba lokacin girki, sai ya fara yin garin miya na wake da ake dafawa cikin minti kaɗan. Ruwan ɗanɗano ya fito a 1886, ɗunƙulen kuma a 1908, kamfanin ya koma hannun Nestlé a 1947.

Ni dai ra'ayina daddawa ta riga shi gano wannan sirrin da ɗaruruwan shekaru, ɗanɗanon nan mai kama harshe iri ɗaya ne. Na tuna kakata in za ta yi daddawa, kalwa ta kwana tana dahuwa, a surfa a wanke a rufe da ganye a ɗaki kwana biyu zuwa uku, warin ya cika gidan har maƙwabta su sani, mu yara muna toshe hanci amma in miya ta sauka har da suɗe kwano. Wani abin kuma, sunan ɗorawa a littattafan kimiyya Parkia ne, an sa mata shi ne don tunawa da Mungo Park, Baturen nan da ya mutu a kogi wajen Busa a 1806. Bishiyar da ta girme kakan kakansa amma ita ta ci sunansa.

Da gaske akwai goro a cikin Coca-Cola?

A farkonsa dai akwai, rabin sunan ma daga nan yake. John Pemberton, mai haɗa magunguna a garin Atlanta ta Amurka, shi ya haɗa shi a 1886 a matsayin maganin gajiya da ciwon kai, da ganyen koka na Kudancin Amurka da kuma goro na Afirka ta Yamma wanda Turawa ke ce wa kola. Abin da ke hana ka barci in ka ci goro shi ne dai sinadarin da ke cikin kofi.

Mu kanmu goron ba a ƙasarmu yake fitowa ba, sai kurmi. Fatake ne suke ɗaukar watanni da jakuna zuwa Gwanja, kasuwar Salaga a arewacin Gana ta yanzu, su kai kanwa da tufafi da fatu su ɗauko goron ƙasar Asante, suna tafe suna yayyafa masa ruwa suna sake ganye kar ya bushe. Zangunan Hausawa da ke Kumasi da Akara yau da yawa tushensu wannan fataucin ne.

Fanta kuma a Jamus aka ƙirƙiro ta lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka daina samun ruwan haɗin Coca-Cola daga Amurka sai suka haɗa da ɗan abin da ya rage musu.

Me ya sa muke cewa shayi amma Turawan Ingila ke cewa ti?

Duk daga Sin suke, hanya ce ta bambanta. Inda ganyen ya bi ta ƙasa da ayarin raƙuma sai ya tafi da sunan ca, Farisawa suka ce cai, Larabawa suka ce shai, mu muka ce shayi. Inda ya bi ta teku a jiragen 'yan Holan daga gaɓar Fujiyan, mutanen wurin te suke cewa, shi ne Ingila da Faransa suka ɗauka.

In ka tsaya ka kalli teburin mai shayi da kyau duniya ce guda a kai. Lipton sunan wani ɗan kasuwa ne na Gilasgo, Thomas Lipton, wanda ya sayi gonakin shayi a Silon, Siri Lanka ta yanzu, a 1890. Milo a Ostireliya aka haɗa shi a 1934, wani Thomas Mayne, kuma sunan wani ɗan kokawa ne na tsohuwar Girka. Sukari kalmar ta faro daga Indiya ta bi ta Larabci. Indomie kuma haɗin Indonesiya ne da mi, wato taliya a harshensu, ba 'yar Legas ba ce kamar yadda yarana suka rantse, duk da dai ana yinta a Ota ta jihar Ogun tun tsakiyar shekarun 1990. Wanda ya fara ƙirƙiro irin wannan taliyar ta minti uku Momofuku Ando ne a Japan a 1958, a wata 'yar rumfa bayan gidansa, ya gano in ka soya dafaffiyar taliya a mai ruwan jikinta na fita ya bar ƙananan ramuka, da ka zuba ruwan zafi sai ta dawo. Ƙwan kaɗai ne na unguwa.

Alkubus da gurasa fa?

Duk kalmar da ka ji ta fara da al a kicin, ka zargi Larabci. Alkubus daga alkhubz, burodi kenan. Alkama, albasa, alkaki, alewa daga halwa, kanumfari daga ƙaranful. Gurasa ma haka, a Sudan har yau suna da tasu mai kusan wannan sunan. Larabawan Gadamus da Tarabulus da suka zauna a unguwanni irin su Dandalin Turawa a Kano sun bar mana abubuwa da yawa, kuma Turawa a wancan lokacin su ake nufi, ba 'yan Ingila ba.

Hawan Sallah Turawa ne suka kawo shi?

A'a. Sunan daba da ake kiran hawan da shi, wato Durbar, shi ne baƙo. Kalmar Farisanci ce, darbar, ma'ana fadar sarki, 'yan Ingila suka tsince ta a Indiya inda suka yi manyan taruka a Delhi a 1877 da 1903 da 1911, Lugga kansa a Indiya aka haife shi. Da suka zo suka tarar da sarakuna na hawa da dawakai da lifidi da 'yan sulke sai suka laƙa masa sunan da suka sani. A Kano ana danganta hawan da zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma asalinsa nuna shirin yaƙi ne, kowane hakimi ya fito da dawakansa ya yi jafi a gaban sarki.

Abin da zamanin Turawa ya ƙara shi ne irin Hawan Nasarawa a Kano da Hawan Bariki a Katsina da Zazzau, inda sarki ke zuwa wajen Razdan, yanzu kuma gidan gwamnati. Hawan Daushe shi ne na washegarin sallah da yamma, sarki ya je Babban Ɗaki gaida mahaifiyarsa, kuma ni a ganina shi ya fi kowanne kyau. An yi babbar daba a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabet, aka sake a 1977 lokacin Festak, sannan a Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya.

Cika-ciki mu kaɗai muke yi?

Sunan da jelar ragon layya da ake ajiyewa tun babbar sallah a jefa a tukunya a daren, da kuɗin shara tsakanin taubasai, waɗannan salonmu ne. Amma girki na musamman a Ashura ya zaga duniya. A Turkiyya suna dafa wani abu mai zaƙi da suke kira ashure, alkama da wake da busassun 'ya'yan itace da sukari a tukunya ɗaya, a rarraba wa maƙwabta, suna cewa tunawa ne da ragowar guzurin jirgin Annabi Nuhu. A Agadas kuma lokacin ne ake bikin Biyanu, gari ya rabu gabas da yamma ana kiɗa ana rawa da rawuna.

Azumi ma kowa da nasa. Mu muna da tashe daga goma ga wata. Misirawa suna da fitilun fanus da yara ke yawo da su, kuma a Alƙahira igwa ake bugawa a sanar da shan ruwa. Turkawa ƙaramar sallah ma bikin alewa suke ce mata saboda yara na bi gida-gida ana ba su, kamar dai yawon barka da sallah.

Wai Habasha suna baya da shekara bakwai?

Kalandarsu ce daban. Wata goma sha uku gare su, sha biyu masu kwana talatin-talatin, sai ɗan auta mai kwana biyar ko shida. Sabuwar shekararsu 11 ga Satumba take kamawa, wani lokaci 12, kuma lissafinsu na bayan na Turawa da shekara bakwai zuwa takwas. Sai a 2007 suka yi bikin shiga shekara ta 2000. Kirsimetinsu 7 ga Janairu.

Ita ma kalandar Turawan ba lafiya ce da ita ba. Satumba ma'anarta na bakwai, Oktoba na takwas, Disamba na goma, saboda Rumawan farko daga Maris suke fara ƙirga. A 1582 kuma Fafaroma Giregori ya gyara lissafi, mutane suka kwanta 4 ga Oktoba suka tashi 15 ga wata. Ingila ta ƙi bi sai 1752.

Gaskiya ne a Japan kaza ake ci ranar Kirsimeti?

Gaskiya ne, ta KFC ma. Kiristoci kaɗan ne a ƙasar, talla ce kawai kamfanin ya yi a 1974 ta kama, yanzu sai ka yi oda tun da makonni ko ka sha layi.

Ina ne hedikwatar Arewa kafin Kaduna?

Zungeru, a jihar Neja ta yanzu, daga 1902. Kafin nan an ɗan zauna a Lakwaja da Jebba. Aka tashi aka koma Kaduna wajen 1917 saboda ruwa da layin dogo. Ƙaramin gari ne yau amma a nan aka haifi Azikiwe a 1904 da Ojukwu a 1933. 'Yar gadar ƙarfen nan ta Lugga da ke lambun Gamji a Kaduna ma daga Zungeru aka ciro ta.

Nijar ma haka ta faru, Damagaram ce hedikwata har 1926 sannan Faransawa suka mayar Yamai. Cikin dalilan da ake bayarwa akwai ƙarancin ruwa, da kuma yadda Damagaram ta fi kallon Kano fiye da yadda Faransawa ke so.

Mece ce fatar Maroko?

Wannan tana min ciwo kaɗan. Wata lallausar jar fata ce da Turawa ke yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Kaso mai yawa nata fatar jar akuyar Sakkwato ce, majeman Kano da Sakkwato suka jeme da bagaruwa suka rina da karan dafi, raƙuma suka tsallaka Sahara da ita, Turawa suka saya a tashoshin Arewacin Afirka suka sa mata sunan inda suka gan ta. Wahala tamu suna na wani.

Abin nan mai ƙyat-ƙyat na takalmin yara, wa ya ƙirƙiro shi?

Wani injiniya ɗan Siwizalan, George de Mestral. A 1941 ya dawo daga daji da karensa, wata ƙaya irin ƙarangiyarmu ta maƙale masa a wando da jikin karen. Maimakon ya yi tsaki ya cire, sai ya sa ta a madubin ƙara girma ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne ke kama zare. Ya fi shekara goma yana fama kafin ya kwaikwaya da nailan, ya samu rajista a 1955, ya sa masa Velcro. Duk wanda ya taɓa ratsa gona da kaka ya zauna bakin hanya yana tsintar ƙarangiya a ƙafar wando, tana barin wandon tana kama yatsa, ya san abin nan sarai. Ni kam tsinuwa kawai na yi mata.

Mu fa, ba mu da wanda ya ƙirƙiro wani abu da duniya ta sani?

Akwai. Mohammed Bah Abba, ya yi koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, kuma gidansu magina tukwane ne. A shekarun 1990 ya ga yadda kayan gwari ke ruɓewa a ƙauyukan da ba wuta, manomi dole ya sayar a ranar ko ya yi asara, 'yan mata kuma kullum suna talla maimakon makaranta. Sai ya ɗauki hikimar randa ya ƙara mata: tukunya ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan a ta ciki a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan na tsatsowa ta jikin ta waje yana bushewa yana tafiya da zafin, daidai yadda gumi ke sanyaya jiki. Tsoffin Misirawa ma sun san sanyaya ruwa ta wannan hanya, shi abin da ya yi shi ne ya mayar da ita ma'ajiyar kayan miya ya kuma kai ta ƙauye.

Tukwane 5,000 na farko da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina ya raba kyauta. A gwajinsa gauta da ke lalacewa a kwana uku ta kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi sati uku. Ya ci kyautar Rolex a 2000, dala 75,000, abin ya bazu har Sudan inda suke ce masa zir. Sai dai yana son busasshiyar iska, a bazara da hunturu yake aiki sosai, da damina in iska ta yi laima sanyin kaɗan ne. Kuma sai an riƙa ƙara wa yashin ruwa safe da yamma, in aka manta ya bushe to tukunya ce kawai cikin tukunya.